Kakin Illo da Amalen Kaftan

Duk kasuwar Tamanrasset babu wanda Allah ya hore wa baki irin Illo mai turare. Ni na sani, don shagona manne yake da nasa, kuma garinmu ɗaya can wajen Damagaram. Ni ina sayar da sukari da ganyen shayi, shi yana sayar da turare da kwalli, yana haɗawa da labarin yaƙi. Turare da kwalli sai ka saya, labarin yaƙin kuwa ko ba ka so sai an ɗura maka.

A faɗarsa, da shi aka yi yaƙin Indoshin. Ya ƙetare kogi da bindiga a ka, ya wuni cikin taɓo har wuya, ya kama mutum bakwai da hannu ɗaya. In shayi ya yi daɗi, bakwai ɗin nan sai su koma goma sha biyu. Maganar gaskiya, Illo ya shiga bariki kam a Damagaram, amma ta ƙofar baya, tukwane yake wanke wa kukun soja. Ban taɓa tona shi ba, don babu bukata. Mutumin da in ya sunkuya ɗaukar muciyar shayi sai ya huta kafin ya miƙe, wa zai yarda ya ƙetare kogi? Mu dai muna sauraro ne don wuni ya yi mana sauri.

To, ba a jima da sauke tutar Faransa ba, sai mai shela ya zagaya gari. Wai hukuma na neman maza masu lafiya daga cikin mazauna gari, su zo bariki a koya musu aikin soja, su zama sojan ko-ta-kwana. Ba barin sana'a za a yi ba: da safe horo, da hantsi kowa ya koma shagonsa. Za a ba kowa aron kaki. Daga ƙarshe akwai gwajin ƙarfi. Wanda ya ci, kakin ya zama nasa, kuma ranar bikin ƙasa ya yi maci ta tsakiyar kasuwa. Wanda ya faɗi kuwa, ya tuɓe ya mayar.

Mati tela, wani ɗan siririn mutum mai neman magana da kekensa ke ƙarƙashin rumfar da ke gabanmu, ya ɗago kai ya ce, "Illo, ga ranarka ta zo."

Illo ya ce, "Ranata? Ni da ya kamata a aiko a ɗauke ni in koyar da su? Amma ba komai, zan je, don kada a ɓata yaran mutane. Ku dai ku tanadi wurin tsayuwa ranar biki. Wanda zai riƙe tuta a gaba, ga shi nan zaune yana shan shayi da ku."

Muka tafi mu uku. Ni lokotoro, wato likitan bariki, na taɓa gwiwata ya ji tana ƙara, ya sallame ni. Mati ya shige. Illo ma ya shige, bayan ya riƙe numfashi ya haɗiye rabin tumbinsa har lokotoron ya juya baya. Tun da ba ni da rabon kaki, sai na mai da katangar bariki wurin zamana kowace safiya, ina kallon ikon Allah.

Kakin da aka ba Illo bai rufe cikinsa ba. Sai da Mati ya tsaga rigar ta baya ya ƙara mata ƙyalle, shi ma ba launinsu ɗaya ba. Amma wallahi ban taɓa ganin mutum ya so tufa kamar yadda Illo ya so kakin nan ba. Da shi yake zama a shago, da shi yake zuwa masallaci, kullum sai ya fesa masa turare mafi tsada a kantarsa. In mace ta zo sayen kwalli, sai ya miƙe ya sara mata tukuna. Matarsa Habsatu, mace mai ɗan karen kaifin harshe, ta tsaya a bakin shago wata rana ta ce, "Malam, ka ba ni shi in wanke mana, ƙudaje sun fara yi mana sallama."

Ya ce, "Soja ba ya rabuwa da kayansa. In aka kawo hari fa?"

Ta ce, "Wanda ya kawo harin ai warin kawai ya ishe shi."

Mai horar da su shi ne Sarzan Mika'ilu, mutumin duwatsun nan ne, dogo, ba ya dariya, ya iya Hausa tun yana bin ayarin Agadas. Bindigogi ba su isa ba, don haka sanduna aka rarraba musu. Da sanyin safiyar nan mai shiga ƙashi za ka ji shi yana daka tsawa, "Gardabu!" Kowa ya ƙame. Sai ya ce, "An, de! An, de!" su ɗauki maci. In aka ce a juya dama, Illo hagu yake yi, ya yi karo da na bayansa, layi ya rushe.

Sarzan ya ce, "Kai, mai turare! Ina damarka take?"

"Da gangan na yi, Sarzan. A Indoshin haka muke yi don mu rikita abokin gaba."

"Ka rikita mutum huɗu, kuma duk namu ne."

Aka zo rarrafe ƙarƙashin waya mai ƙaya. Mati ya sulale ya wuce, ko ƙura bai tayar ba. Illo ya kwanta, ya tura kai, ya tura kafaɗa, daga nan tafiya ta ƙare. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Yana kwance yana cewa wanda ya ɗaura wayar nan bai san ƙa'ida ba, ya yi ta ƙasa da yawa. Sai da aka tuge turaku biyu sannan aka zaro shi.

Katanga kuwa, mutum uku suka turo shi daga ƙasa har ya hau. Da ya zauna a kai, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, ya leƙa ƙasa, sai ya dafe hula ya shiga hangen nesa.

Sarzan ya ce, "Me kake jira?"

"Ina duba ko akwai abokan gaba, Sarzan."

"Ka ga wani?"

"Babu kowa."

"To, sauko."

"Bari dai in ƙara tabbatarwa."

Abu ɗaya ne ban taɓa ganin an riga Illo ba: layin burodi da wake in an tashi daga horo. Nan kam ko Sarzan ya shaida jarumi ne. Da hantsi kuma ya dawo shago yana ɗingishi, ya zauna ya ba mu labarin yadda Sarzan ke jansa gefe yana neman shawararsa. Ni da na gani da idona, sai in ce, "Haka ne, Illo," in zuba masa shayi.

Ana nan, sai gwaji ya matso. Ana gobe za a yi, da la'asar, Sarzan ya kai su ƙoramar da ta ƙafe a gefen gari, ya ba kowa jakar goyo ta soja, ya sa suka cika ta da yashi taf. Ya sa Mati ya ɗinke bakin kowace jaka da jan zare, don kada wani ya rage. Ya ce kowa ya tafi da tasa gida. Gobe da safe za a goya, a tashi daga bariki, a bi ƙorama, a zagaye lambuna, a ratsa kasuwa, a dawo bariki kafin a busa ƙaho. Wanda ƙaho ya riga shi, ya ajiye kaki.

Na ga dawowar Illo da jakar nan. Kowace ƙofa ya iso sai ya sauke, wai yana gaisawa da mutanen gida, har gidan da aka daɗe da tashi sai da ya gaisar. Da ya iso shago ya zube, gumi na tsiyaya ta gemunsa. Ranar na ga tsoro a idonsa ƙuru-ƙuru. Ya shafa gaban rigarsa ya ce a hankali, "Su karɓe wannan? Bayan duk gari ya gan ni da shi?"

Can sai fuskarsa ta washe. Ya matso ya ce, "Ara mini basillar da kake ɗinke buhun sukari."

Na ce, "Me za ka yi da ita?"

"Yaƙi ba ƙarfi ba ne, dabara ce. Sarzan ya ɗinke baki, to wa ya ce masa jaka ba ta da gindi?"

Na ce, "Illo, ka ji tsoron Allah."

"Jaka aka ce a goya, kuma jaka zan goya. Ina ruwan hukuma da abin da ke cikinta?"

Ya fizge basilla ya yi gida. Abin da ya faru a can, daga baya Habsatu ta ba duk unguwa labari. Ita ta tafi gidan suna. Illo ya farke gindin jaka ya zazzage yashi bayan ɗaki. Ya nemi abin da zai cika ta da shi ta yi tsaye kamar ta kowa, tsummokaran gidan ba su isa ba. Sai idonsa ya faɗa kan ciyawar akuyar Habsatu, busasshiyar koriyar ciyawar lambu da ta ɓoye a saman rumfa tana tsakura wa akuyar kaɗan-kaɗan. Wanda bai zauna ƙasar nan ba ba zai gane ba. Nan dutse ne da yashi, dabba na iya wata ba ta ga ɗanyen ganye ba, in ta ji ƙamshin ciyawar nan hankalinta gushewa yake. Illo kuwa shekara da shekaru yana zaune cikin turare, hancinsa ya daina jin komai. Ya danna ciyawa ya danna, ya ɗinke gindin da irin ɗinkin da ko buhun gawayi ba za a yi wa ba.

Da a ce nan ya tsaya ma da sauƙi. Ina! Kafin magariba ya zagaye kasuwa kaf yana gayyata. Ya ce wa mahauta su bar nama su fito, ya ce wa masu dabino su share hanya. Har Tasi'u mai kalangun mahauta ya samu, ya ce masa, "Gobe in ka hango na farko, kada ka tsaya tambaya, ka saki kiɗa kawai. Ni ne."

Da safe ya fito da jaka a baya, ya ɗaure igiyoyinta a kan tumbinsa, ƙulli kan ƙulli, don kada ta yi rawa a gane ba ta da nauyi. Akuyar Habsatu ta bi shi. Ya kore ta, ta dawo. Ya jefe ta, ta tsaya, da ya juya ta ci gaba da binsa tana kuka har ƙofar bariki, inda mai gadi ya tare ta da sanda.

Mutum mai hankali zai ɗan sunkuya, ya yi nishi kamar kowa. Illo fa? Sauran suna tsaye a karkace, jijiyar wuya ta fito, shi yana tsalle a wuri ɗaya yana motsa kafaɗu.

Mati ya ce, "Illo, yau aljani ya hau ka ne?"

"Wannan ce jakar? Ni na ɗauka za a ƙara mana duwatsu. Sarzan, in akwai wanda ta yi wa nauyi, a ɗora mini tasa."

Sarzan ya zagayo bayansa, ya duba jan zare, ya ga yana nan daram. Ya dubi Illo sama da ƙasa, ya wuce. A can gefen fili kuwa raƙuman sintiri ne a ɗaure, jiya suka dawo daga doguwar tafiya cikin duwatsu, cikinsu ya lafe. Cikinsu akwai farin amalen kaftan ɗin bariki, ƙaton raƙumi mai mugun hali, wanda ya ciji masu kula da shi har sun gaji sun gudu. Daga kan katanga na ga ya ɗaga kai, ya buɗe hanci, ya juyo da wuyansa wajen layi.

Aka busa usur. Illo ya fita kamar an harba shi. Ni kuma na sauko na yanke ta lungu zuwa kasuwa, don kada a ba ni labari.

Abin da ya faru a hanya, masu lambu suka faɗa mana. Ɗinkin Illo ya fara saki tun a ƙorama, ciyawa na zuba a bayansa kaɗan-kaɗan. Akuya ta samu hanya ta biyo sawu. A bakin lambuna jakunan masu itace suka ji ƙamshi, suka bar masu su tsaye suka shiga layi, itace na zuba. A bariki kuwa amale ya ja igiya sau ɗaya, turke ya fito, sauran raƙuma suka ga babba ya tafi, su ma suka tsinke. Illo yana jin takun ƙafafu a bayansa, ya ɗauka abokan gwaji ne ke son cim masa. Ko waiwaye bai yi ba, ya ɗaga murya ya ce, "Ku yi haƙuri, samari! Ba ajinku ba ne!"

Kasuwa ta cika maƙil. Muka hango ƙura, muka hango Illo a gaba, hula a karkace. Tasi'u ya saki kalangu, mata suka rangaɗa guɗa. Sai ƙura ta ɗan lafa, muka ga rundunar da yake jagoranta: akuya, jakuna, sannan raƙuma, farin amale na ratsa su yana miƙo wuya. Guɗa ta tsaya cak. Wani ya fashe da dariya, sai kasuwa duka ta ɗauka. Illo ya ɗauka murna ce, ya rage gudu, ya ɗaga hannu yana gaida jama'a dama da hagu.

Na ce, "Illo! Waiwaya!"

Ya ce, "Soja ba ya waiwaye!"

Bai rufe baki ba ya ji huci mai zafi a ƙeyarsa. Ya juya, suka yi ido huɗu da amale, leɓe na rawa, haƙora rawaya a waje. Ihun da Illo ya yi, na rantse har lambuna an ji shi. Amale ya kai cafka, ya samu saman jaka, ya ɗaga, sai ga Illo a kan 'yan yatsun ƙafa yana tafiya ba ya gaba. Ƙyallen jakar ya yage, Illo ya faɗo, ya zuba da gudu.

Jama'a, ranar muka ga gudu. Duk horon da Sarzan ya yi bai fitar da rabin wannan daga jikin Illo ba. Ya tsallake tabarmar dabino, shi da katanga ta gagara. Ya kutsa ƙarƙashin teburin mahauta ya fito ta can, shi da waya ta riƙe. Yana gudu yana kokawa da igiyar jaka, ƙullin da ya yi da hannunsa ya ƙi kwancewa. Duk inda ya karya kwana, amale na nan, jakuna na nan, akuya na tsakanin ƙafafunsa. Tulunan mai ruwa suka tafi, tiren mai gyaɗa ya tashi sama. Tasi'u kuwa, tun da an ce masa kada ya tsaya tambaya, bai fasa kiɗa ba.

Illo na ihu, "Ku riƙe shi! Ku riƙe shi, don Allah!"

Wani mahauci ya ce, "Kai da ka kama mutum bakwai da hannu ɗaya? Ai wannan guda ne!"

"Waɗancan ba su da haƙora irin wannan!"

Ya hango shagonsa, ya nufe shi gadan-gadan. Ƙofar shagon Illo ƙarama ce, ko ranar lafiya a karkace yake shiga. Ya faɗa da ƙarfi, kai da kafaɗa suka shige, tumbi da jaka suka cije a ƙofa. Kwalaben turare suka zubo daga kanta, ƙamshi ya game kasuwa. Amale ya iso a natse, ya sa haƙori ya farke jakar daga sama har ƙasa. Koriyar ciyawa ta zubo a gaban kowa, ko ƙwayar yashi babu. Raƙuma da jakuna da akuya suka kewaye bayan Illo suka shiga kalaci, shi kuma ƙafafunsa na harbin iska.

Daidai nan Habsatu ta ratso taro da taɓarya a hannu. Tun safe take neman wanda ya kwashe mata ciyawa. Ta tsaya, ta dubi ciyawa, ta dubi ƙyallen da Mati ya ƙara a bayan riga, ta riƙe haɓa.

"La'ilaha illallahu! Malam, ashe kai ne? Na zagi ɓarawon nan tun asuba, har iyayensa ban bari ba!"

Daga cikin shago muryarsa ta fito a shaƙe, "Habsatu, sirrin soja ne, ki yi shiru."

"Sirrin da jaki ke ci a tsakiyar kasuwa?"

Sai ga sauran masu gwaji sun iso, suna jan ƙafa, kowa da yashinsa a baya. Mati na ƙarshe, harshe a waje, amma da ya zo daidai shagon sai da ya tsaya ya ja numfashi ya ce, "Sannu da hutawa, na Indoshin. In gaya wa mai ƙaho ya jira ka?" Ya wuce yana tangaɗi.

Mu huɗu muka kama ƙafafun Illo muka zaro shi. Muna zaro shi kaftan na isowa, Sarzan na biye da shi. Kaftan Balarabe ne daga arewa, ba ya jin Hausa, don haka Sarzan ke fassara. Illo ya miƙe, ciyawa a gemu, kwalli ya ɓata masa rabin fuska, ya ƙame ya sara.

Sarzan ya ce, "Kaftan na tambaya, ina yashin?"

"Yana gida lafiya lau, mon kaftan. Ko ƙwaya ban salwantar ba."

"Ciyawa fa?"

"Dabarar yaƙi ce. Da ita ake janye raƙuman abokan gaba, a bar su a ƙasa."

Sarzan ya fassara. Kaftan ya yi magana gajeriya. Sarzan ya ce, "Ya ce waɗannan raƙumansa ne."

"To, ai ga shi ya gani da idonsa tana aiki."

Gashin bakin kaftan ya motsa, ya juya baya ya yi tari, sannan ya juyo ya ɗaure fuska. Daga nesa muka ji ƙaho ya tashi a bariki. Kaftan ya nuna rigar Illo da yatsa, ya nuna ƙasa. Wannan kam ba ta bukatar fassara.

Kasuwa ta yi tsit. Illo ya kai hannu kan maɓallin sama. Ya buɗe baki, karo na farko tun da na san shi magana ta ƙi fitowa. Hawaye suka gangaro suka ja kwalli har gemu. Wallahi duk dariyar da na sha sai ta koma mini ciki, tausayinsa ya kama ni. Mahaucin da ya yi masa ba'a ma sunkuyar da kai ya yi.

Habsatu ta ajiye taɓarya ta matso. Ta ce, "Sarzan, ka gaya wa mai girma, ni ce matarsa. Laifi kam ya yi, ni ma ya yi mini. Amma in aka karɓe kayan nan, mutumin nan ba zai ƙara fitowa kasuwa ba. Gida zai zauna mini, daga safe har dare, ni kaɗai zan riƙa jin Indoshin. A dubi Allah a dube ni."

Sarzan na cikin fassarawa, sai amale ya gama cin abin da ke ƙasa, ya matso. Mutane suka watse. Illo ya rufe ido yana salati. Amale ya sunkuyo, ya tsince ciyawar da ke gemunsa a hankali, sannan ya ɗora ƙaton kansa a kafaɗar Illo ya lumshe ido. Sojan da ya zo kama shi ya miƙa hannu, amale ya kai masa hauri. Illo ya ɗan matsa, amale ya bi shi.

Sarzan ya dubi kaftan, kaftan ya dubi Sarzan, suka yi ƙus-ƙus. Sannan Sarzan ya ce, "Mai turare, gwaji dai ka faɗi, kowa shaida ne. Amma raƙumin nan ba shi da mai kula da shi. In za ka riƙa ba raƙuma ciyawa, ka share musu wuri, ka kwashe abin da suka zubar, kaftan ya ce ka riƙe kakin."

Illo ya buɗe ido ɗaya. "Da maci ranar biki?"

"Duk inda raƙuma suka je, kana nan."

Kafin azahar Illo ya dawo da bakinsa cikakke. Yana tsince fasassun kwalabe yana gaya mana cewa kaftan ya daɗe yana neman wanda zai damƙa wa rundunar raƙuma, gwajin nan ma don shi aka shirya.

Ranar biki muka yi cirko-cirko a bakin shaguna. Tuta ta wuce a hannun wani saurayi. Masu ƙaho suka wuce. Su Mati suka wuce cikin kaki, "An, de! An, de!" yana harararmu ta gefen ido. Sannan raƙuma, an yi musu ado, kaftan bisa farin amale. A can ƙarshe, bayan wutsiyar raƙumi na ƙarshe, sai ga Illo: kaki ya sha wanki da guga, ƙirji a gaba, kwando a hannun hagu, tsintsiya a kafaɗar dama kamar bindiga. Yana taku yana ɗaga gwiwa fiye da kowa.

Daidai gaban shagunanmu, inda jama'a suka fi yawa, raƙumin da ke gabansa ya ɗaga wutsiya ya yi abin da raƙuma ke yi, ya yi shi da yawa kuwa. Daga can gaba Sarzan ya waiwayo ya daka tsawa, kasuwa duka ta ji:

"Illo!"

Illo ya ƙame, ya sara, ya durƙusa ya share tas ya zuba a kwando. Habsatu ta ja mayafi ta rufe fuska. Shi kuwa ya miƙe, ya gyara hula, ya juyo wajenmu fuska cike da annuri.

Ya ce, "Kun dai ji da kunnenku. Duk rundunar nan, sunan wa aka kira?"